Ƙuri'ar da Bai Kaɗa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Kwana ashirin da uku da rasuwar maigidana. Yau na sa wayarsa a caji, don kamfanin da yake yi wa gyaran wuta suna neman lambar wani. Tana kunnuwa ta kama rawa a kan tebur. Saƙo ɗari tara da ɗoriya, duk daga guruf ɗaya, na masu son kiɗan rok ɗin nan, 'yan jita masu ihu, wanda kullum nake cewa ya rage mini sauti don kaina na sarawa.

Wai Alƙali suke ce masa. Shi! Mutumin da ko launin labule ba ya iya zaɓa sai ya ce "yadda kika gani".

Laraba, 5 ga Maris

Na tafi da wayar shago. Ɗinki biyu kawai na yi, sauran lokacin karatu.

Su goma sha uku ne har da shi. Mawaƙan sun fitar da sabon albam, shi ne aka rabu shida da shida. Shugaban masu ƙi wani direban tirela ne, Dogo. Ya ce, "Da can in sun buga sai ka ji kamar ana rusa gini, yanzu kuwa shanya wanki suke yi." Ta masu so kuma ma'aikaciyar jinya ce, Nas suke ce mata. Ta ce masa, "Kai dai ba ka taɓa zaman jiran sakamako a bencin asibiti ba, shi ya sa. Waƙoƙin nan rayuwarmu ce." Ya ce in rayuwarsa yake son ji ai sai ya kashe rediyo.

Dokarsu, duk Juma'a ana ƙuri'a, kuma ba a rubuce ba, sai mutum ya faɗi dalilinsa da bakinsa. To ga muryarsa nan birjik. Na danna ɗaya. Yana ƙyaƙyata dariya yana ce wa Dogo mai kunnen gwangwani. Rabona da wannan dariyar tun kafin mu haifi 'yarmu.

A kan sabon albam ɗin ne kaɗai ya ƙi kaɗa tasa. Ya ce su bar shi da waƙa ta bakwai tukuna. Har yanzu jiransa suke. Ba su sani ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na yi ɓarna. Ina jan saƙonni sama yatsana ya zame, alamar babban yatsa ta tafi ƙarƙashin maganar Nas. Innalillahi. Nan take wuri ya hargitse. "Alƙali ya dawo!" "Bakwai da shida!" Dogo ya ce ba a ƙuri'a da yatsa, in ya isa ya yi magana.

Na cusa wayar cikin kwandon ƙyallaye kamar za ta cije ni. Da na gaya wa 'yata ta ce, "Mama, kin tayar da Baba a guruf?" Muka yi dariya har ta juye ta zama wani abu.

Asabar, 8 ga Maris

Na rubuta musu sau huɗu, na goge.

Talata, 11 ga Maris



Dogo ya kira da hantsi, na ɗauka. "Alƙali, wallahi ka tsorata ni." Na ce matarsa ce. Na gaya masa Alƙali ya rasu, ina jin motoci na wucewa ta bayansa. Ya ce yaushe. Na faɗa. Ya yi ta'aziyya muryarsa na karyewa, can ya ce, "Yaya, ya dai gaya miki ko?"

Gaya mini me?

Ashe tun Nuwamba likita ya faɗa wa maigidana zuciyarsa ta kusa gajiya. Tun Nuwamba. Ni kuwa ina ta gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa lafiyarsa ƙalau, faɗuwa ɗaya ya yi. Direban tirelar da bai taɓa ganin fuskata ba ya sani, ni da nake wanke masa kaya shekara ashirin da shida ban sani ba.

Ranar da na same shi zaune a tsakiyar matakala yana haki, rago na ce masa. Rago.

Alhamis, 13 ga Maris

Na saurari ta bakwai ɗin. Sai da na maimaita sau uku na tsinci kalmomin a cikin ƙarar. Wani mutum ne ya dawo daga asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara fuska kafin ya shiga. Bai ce wa matarsa komai ba. Sai ya bi gidan yana gyara duk abin da ya lalace, ɗaya bayan ɗaya, don kada ta nemi kowa bayansa.

Na tashi na zagaya gidanmu. Soket ɗin kicin sabo. Famfon banɗaki ya daina ɗiga. Ƙofar ɗakin 'yata da ta shekara uku tana ƙara, shiru. A Disamba ya yi su duka, ni kuma ina yi masa tsiya wai yau wace rana.

Ranar da ya kira, Dogo ya ce saboda waƙar nan ya tsani albam ɗin. Wai ya ce wa maigidana ya fi a ƙirga, "Ka bar fakewa da waƙa, je ka gaya wa matarka." Shi kuma sai ya ce gobe.

Na ji haushinsa yau har na kasa yi masa addu'a. Allah ka yafe mini.

Juma'a, 14 ga Maris

Na bi dokarsu, da baki na yi. Na ce ni ce matar Alƙali, ya rasu, yatsan nan nawa ne. Ban yi niyyar ƙarawa ba, sai na ji ina cewa, "Ku masu cewa waƙar nan soyayya ce, matar da ke ciki an tambaye ta? Famfo take so ko wata uku na sallama?"

Nas ta kira tana kuka. "Yaya, ni na dinga ce masa babu waƙar da ta kai ta. Ban san kansa yake ji a ciki ba." Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce amma ta ga irinsu da yawa a wurin aiki, ba rainin mace ba ne, bakin ne yake ƙin buɗuwa, sai hannu ya yi maganar. Na ce a riƙe hannun, a ba ni bakin.

Ko awa biyu ba a yi da ta'aziyya ba suka koma musu, yanzu a kan maganata. Dogo ya ce kujerar Alƙali tawa ce, ba mai fitar da lambar nan.

Juma'a, 21 ga Maris

Na kaɗa ƙuri'a, gefen Dogo. Bakwai da shida. Na ce waƙar ba ta yi wa matar adalci ba, kuma ina nan a kan bakana.

Da na dawo daga shago na tsaya a bakin ƙofa ina laluben makulli, sai na kama kaina ina gyara fuska saboda 'yata. Na daɗe a wurin. Na yi masa addu'a a tsaye.

Waƙar dai ba ta da gaskiya. Sau biyu kawai na ji ta yau.