Man Aduwar Sabon Tandu

Kubura,

Dogari ya zo kiran 'yan diban gwamna, masu aikin tilas na haƙar kuza, sunana na ciki, motar kuza tana jira a Kankiya. Ba zan ga dawowarki daga Bauranya ba.

Kar ki taɓa man da ke cikin sabon tandun da ke rataye bisa ƙofa. Man aduwa ne, ƙanwata Sa'a ta matse shi. Jiya na shafa a faso, Inna ta shafa a gwiwa. Yau na tashi dugadugaina sumul kamar na jinjiri. Na fita da niyyar masallaci, sai na tsinci kaina a tsohuwar maƙabarta, gindin aduwar nan da ko awaki ba su kiwo. Can na iske Inna zaune, ita da tun damina sai an ɗaga ta. Na ce, "Inna, wa ya kawo ki?" Ta ce ƙafafunta, kuma wurin da daɗi, in ƙyale ta.

Na goyo ta gida. Da na tsare Sa'a, ta ce can ta tsinto 'ya'yan, wai zube suke ba mai so. Har yanzu ƙafafuna can suke ja.

Ki kai wa Malam Dauda tandun ya binne. Na san kin matsu Auta ta taka, kullum kina murza mata ƙafafu da mai. Don Allah ban da wannan. Bar ta ta yi ta rarrafe.

Gajere