Shayin da Na Zuba wa Kawu Leong

Goggo, don Allah ki cece ni, tsokanata ta ja wa abokina abin da bai ji ba bai gani ba.

Ni mai jan taliya ne, wato mai yin ta da hannu, a wani shagon abincin halal a nan Macau. Karatuna na masallacin ƙauyenmu ne kawai, amma ya isa in san hukuncin caca, kada ki wahalar da alƙalaminki, malaminmu ya riga ki. Ranar hutu nakan raka abokina Kin-fai ɗakin karta na wani gidan caca. Shi sana'arsa ke nan, da ita yake riƙe mahaifiyarsa. Ni kuwa in taɓa kaɗan, sauran duk surutu.

Akwai wani dattijo, Kawu Leong, tsohon matuƙin jirgin fito, da ba ya rabuwa da butar shayinsa. Yana kirana Ɗan Taliya, ni kuma ina ce masa katin nan biyu na hannunsa sun fi haƙoransa yawa. Kin san mutanen nan, da an zuba wa mutum shayi, yatsunsa biyu sun ƙwanƙwasa tebur don godiya tun kansa bai sani ba. A karta kuwa, ƙwanƙwasa tebur na nufin ka wuce, ba za ka ƙara zubi ba. In ka yi haka kafin a zo kanka, na gabanka kuma bai ƙara ba, magana ta zauna.

Ran nan na jefar da katina, saura Kawu da Kin-fai. Na ga gemun Kawu yana rawa, alamar ya riƙe abin kirki, jira yake Kin-fai ya gama tunani ya danna masa zubi mai nauyi. Sai Shaiɗan ya nuna mini butar. Na zuba wa Kawu shayi da hannu biyu, har da rusunawa. Ƙwas-ƙwas! Mai rabon kati ta ce ta gani, Kawu ya wuce ke nan. Kin-fai ma ya wuce, aka buɗe katin ƙarshe kyauta, ya faɗo masa daidai, ya kwashe komai. Na yi dariya har na ƙware. Kawu ma ya dara, ya ce sai ya dafa ni da taliyata.

Manajan ɗakin ne bai dara ba. Ya duba kyamara, ya ga tare muka shigo, ya ga na kashe wa Kin-fai ido, ya ce haɗin baki ne. An dakatar da Kin-fai tunda shi ya ci, kuma in maganar ta tabbata, sauran gidajen ma za su rufe masa ƙofa. Wallahi bai san komai ba. Amma Goggo, ban ce uffan ba, ba ni na buga tebur ba, babba na zuba wa shayi. In na je na faɗa, ni za a kora. Kin-fai ya daina ɗaga wayata. In yi shiru har ya huce?

Mai Jan Taliya

*

Ɗana Mai Jan Taliya,

Na dara, ba zan ɓoye ba. Wa'azin caca kuma na bar wa malaminku, sai dai ka koma ka sake saurarensa.

Na yarda ba ku shirya da Kin-fai ba. Amma ka san hannun dattijon zai motsa, ka kuma zaɓi lokacin. Kai ka buga teburin nan, yatsun Kawu ka ara. Tsokanar da ta sauya wanda ya ci ta tashi daga tsokana, don haka manajan bai yi zalunci ba. Kin-fai ma yana da ɗan nasa, ya ga yadda aka yi, da ya ce a bar dattijo ya yi abin da ya yi niyya. Doka ta ba shi, kunya ba ta ba shi ba.

Shiru ba zai wanke shi ba. Fara da Kawu Leong, ka ba shi haƙuri ba wasa a ciki, ka roƙe shi ya raka ka wurin manajan. Shi aka cuta, maganarsa ta fi taka nauyi. Ka faɗi yadda aka yi ba ado. Kin-fai kuma ya mayar wa Kawu abin da ya kwashe ranar.

Wataƙila su kore ka. Kai ɗakin hira za ka rasa, shi kuwa abincin mahaifiyarsa. Ka je yau. Allah ya daidaita ku, ya bar maka dariyarka, ya ƙara mata hankali.

Goggo