Harajin Faranti

Litinin, 3 ga Maris

Yau likita ya ɗora Mai Haraji a kan ma'auni, ya dubi allurar, sannan ya dube ni kamar ni na cinye abin da ya ragu. Hukuncinsa gajere ne: aikin da aka yi mata a ciki ya warke, saura ci. Idan wata ya ƙare ba ta ƙara nauyi ba, za a mayar da ita gadon asibiti, a zura mata roba ta hanci, a riƙa ɗura mata abinci. A mota ta ce, "Malam, ba zan koma ɗakin nan ba."

Domin amfanin masana tarihi da za su tono wannan kundi bayan raina: Mai Haraji matata ce. Ni na raɗa mata sunan a shafina na jarida, saboda tun muna ango da amarya ba ta taɓa yarda a kawo mata nata farantin a gidan abinci ba. Sai ta ce ba ta jin yunwa, ta jira a ajiye nawa, sannan cokalinta ya tsallako iyaka. In na yi ƙorafi ta ce, "Ɗanɗanawa nake yi, kada su ba ka abin da zai cuce ka." Ɗanɗanon nan ba ya tsayawa sai ya kai rabi, kuma rabin da ya fi soyuwa. Na yi shekaru ina kai ƙararta gaban masu karatu. Sun sha dariya, babu wanda ya ƙwato mini haƙƙina.

Yanzu abincin gida ba ya shiga. Ta ce ƙamshin tukunya kaɗai yana tayar mata da zuciya. Saboda haka, a matsayina na mutumin da ya karance tarihin yaƙe-yaƙe daga bango zuwa bango, na yanke shawarar a yi wa wannan rashin ci ƙawanya daga waje. Gari cike yake da gidajen abinci. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na fara da babban makami: gidan abincin da ke saman otal, inda ake hango gari kamar an barbaɗa shi a tire. Wani dogon ma'aikaci mai farar safar hannu ya ja mata kujera, ya shimfiɗa mata ƙyalle a cinya. Cokula da wuƙaƙe a jere dama da hagu, sak kayan aikin tiyata. Na ga ta kalle su, na yi da-na-sani.

Na sa aka kawo mata kifi, nata na kanta, karon farko a tarihin aurenmu. Ni ban nemi komai ba sai ruwa, domin ba ya kyautuwa mutum ya zauna yana tauna a gaban mara lafiya. Kifin ya iso ƙarƙashin murfin azurfa. Da aka ɗaga, sai ga wani yanki da bai fi kan sarkin wasiƙa ba, a tsakiyar faranti mai faɗin filin ƙwallo, an dasa masa ganye ɗaya a ka kamar tutar ƙasar da aka ci da yaƙi.

"Malam, shi ke nan, ko sun manta sauran a kicin?"

Na yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ta yanka shi biyu, ta sake yankawa, ta jera guntayen a gefe. Ma'aikacin ya sunkuyo ya tambaya ko kifin yana da matsala. Na ce kifin lafiyarsa ƙalau.

Asabar, 8 ga Maris

Gidan gasa kaza na bakin babban titi. Hayaƙi ya tare mu tun daga ƙofa. Ko zama ba mu yi ba.

Talata, 11 ga Maris

Wurin cin abinci na cikin babban kantin zamani, inda yara ke ihu kuma kowa ke ɗaukar tirensa da kansa kamar a gidan kaso. Na kawo mata romon kaza mai ɗumi, na ajiye, na gyara zama na gabatar da lacca kan gudummawar romo wajen farfaɗo da sojojin da suka jikkata tun zamanin da. Cokali ya tashi, na daina numfashi. Cokali ya koma.

"Tun ɗazu kake kallon bakina kamar mai jiran sakamakon zaɓe," in ji ta. "Kai ka ci mana."

Na ce na ƙoshi. Muka sa aka ɗaure mana romon. Firjinmu ya zama gidan tarihi na abincin gari. Maƙwabta sun fara yin kumatu.

Laraba, 12 ga Maris

'Yarmu ta kira daga garin da take aure. "Baba, ka daina matsa mata." Kafin ta kashe waya kuma: "Baba, don Allah kada ka bari ta wuni ba ta ci ba." Na yi alkawarin aiwatar da umarnin biyu.

Edita ya aiko yana tambayar shafin wannan mako. Na zauna gaban takarda har shayina ya huce.

Lahadi, 16 ga Maris

Gidan taliya na bayan gidan waya, inda muke zuwa a da. Mai wurin ya gane mu, ya taso da fara'a yana goge hannu.

"A'a, Malam! Yau su Mai Haraji ne da kansu? To a riƙe faranti da kyau!"

Sai idonsa ya sauka a kanta sosai, fara'ar ta tsaya a inda take. Na cece shi da wani barkwanci da ban tuna ba. Ya kawo mata faranti cike, ya rantse ba zai karɓi komai ba, ya tsaya daga nesa yana leƙe. Mu biyu ke nan masu gadin baki ɗaya.

Wajen wanke hannu zobenta ya zame ya faɗa kwano. Ta tsamo shi ta sa a jaka, ba ta mayar a yatsa ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Ya kamata tarihi ya san cewa babban kwamandan ya yi abin kunya yau. A wani gidan abinci mai kifaye a akwatin gilashi da kiɗa a hankali, ta ture shinkafar bayan loma ɗaya, sai na ji wata murya ta cika ɗakin tana cewa, "Don girman Allah ki ci! So kike su sa miki robar?" Muryata ce. Cokula suka tsaya a kowane tebur.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta ninke ƙyallen ta ajiye.

"Kana tsammanin ba na so ne? Kai ni gida, Malam."

Juma'a, 21 ga Maris

Ba mu fita ba.

Asabar, 22 ga Maris

Ba mu fita ba. Na duba littattafan da ke bangon ɗakina tun daga sama har ƙasa. Dauloli nawa aka kafa aka rushe a cikinsu, babu shafi ɗaya kan yadda ake sa mutum ya haɗiye loma.

Talata, 25 ga Maris

An ɗebi jininta a ɗakin gwaji, share fagen ranar Litinin da likita zai sake auna ta. Da muka fito ruwa ya tsuge, motar tana can nesa, muka fake a wani ɗan gidan abinci da ke tsallaken titi: kujerun roba, tebur mai rawa, talabijin a bango ana nuna ƙwallo. Rabona da abincin kirki na manta. Na sauke girman kai na ce a kawo mini soyayyen dankali da ƙwai. Matar wurin ta dubi matata. Mai Haraji ta ce ba ta jin yunwa. Ban yi gardama ba, ƙarfin gardamar ya ƙare.

Kunyar ci a gabanta ta sa na juya na kafa wa talabijin ido, ni da ban san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba. Ina ci ina kallon wasu masu jar riga suna bin masu fara.

Da na sauke cokali ba tare da na duba ba, sai ya bugi faranti. Akwai wani gefe da na keɓe tun farko, na waɗanda suka fi soyuwa, don in rufe da su. Babu su.

Ban juya ba. Allah ne shaida wuyana har ciwo ya yi. Na ji wani ɗan ƙaras-ƙaras a gefen kunnena na dama, sautin da na yi shekaru ina tsine wa a jarida. Na ce wa talabijin, "Ranki ya daɗe, na ɗauka an ce ba a jin yunwa."

Sai ta ce: "Ɗanɗanawa nake yi, kada su ba ka abin da zai cuce ka."

Masu jar riga suka ci ƙwallo, mutanen wurin suka yi shewa, na taya su da iyakar ƙarfina.

Alhamis, 27 ga Maris

Mun koma can jiya, mun koma yau. Faranti ɗaya, babba, nawa ni kaɗai, kuma na sanar da haka da babbar murya don kowa ya shaida. Nawa ta ci? Ban sani ba. 'Yarmu ta tambaya, na ce ina kallon ƙwallo. Ta ce, "Baba, kai da ƙwallo?" Na shaida mata cewa masu jar riga suna da rauni a baya, kuma lamarin yana buƙatar sa ido.

Litinin tana nan tafe, da ma'auninta. Ba na jin dankalin kwana uku zai motsa wannan allurar. Na san haka, ita ma ta sani, ba mu tayar da zancen ba. Zoben yana jaka har yanzu.

Abu ɗaya kawai nake so a rubuta daidai. Yau farantin ya ɗan gangara tsakiyar tebur, gefen da ya fi soyuwa yana fuskantar ta. Ba ni na tura shi ba. Teburin ne ƙafarsa ɗaya ta gaza, kuma ina da niyyar yi wa matar wurin magana a kai. Ba dai wannan makon ba.