Gida Tara na Marigayiya Afra'u

Lubabatu Dalhatu,
Gidan Alaramma Dalhatu,
Madachi, Ƙaramar Hukumar Rano.
Litinin, 26 ga Maris, 2018 (9 ga Rajab, 1439).

Zuwa ga:
Shugaban Kwamitin Sulhu,
Ofishin Hisba, Rano.

Allah ya gafarta Malam,

GAME DA: ƘONA TAKARDAR SAITIN INJIN GAHAWA NA ALARAMMA DALHATU, DA ƁATA SUNAN 'YARSA DA TA RIGA MU GIDAN GASKIYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce mai suna a sama, malamar firamare, babbar 'yar Alaramma Dalhatu. Na rubuto ne a madadinsa, domin boko ba hanyarsa ba ce. Wanda muke ƙorafi a kansa shi ne Habu mai gyaran kayan wuta, mai shago kusa da tashar mota. Abin da muke nema shi ne a wanke sunan ƙanwata Afra'u, wadda yau ba ta da bakin kare kanta.

1. Alaramma ya koyi shan gahawa tun yana saurayi, a wajen karatu a gabas. Kofi ɗaya yake sha bayan azkar ɗin safe, sannan ya zauna rubutu. Da shekaru suka ja, hannu ya fara rawa, har a shekarar 2015 tafasasshen ruwa ya kife masa a ƙafa. Afra'u, wadda ke aure a Kibiya kuma take aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a can, ta sa aka taho masa da injin gahawa daga Jidda. Ƙaramin inji ne: a zuba gari, a danna, ya tura ruwan zafi ta cikin garin, ya tsiyayo da ɗan abin da bai cika kofin shayi ba.

2. Injin nan yana da tsirfa. Idan zafin ruwan ya ɗara kaɗan, gahawar ta fito da ɗaci da ƙauri. Idan ya gaza, ta fito da tsami. Ga shi lambar da yake nunawa a gilashinsa ba gaskiya ba ce: sai ya nuna casa'in da uku, Afra'u ta sa ma'aunin zafi irin na wajen aikinta ta ga tamanin da tara. Haka ta riƙa hawo mota daga Kibiya duk ranar da ba ta aiki, ta zo da sassafe, a tayar da ƙaramin janareta, ta auna, ta ƙara zafi ko ta rage, ta miƙa masa. Shi kuma ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce gara sabara, ta yi dariya ta sake. Ta gano cewa abin da ya yi daidai da bazara ba ya yi da damina, kuma ruwan rijiyarmu daban, na famfon tuƙa-tuƙa daban, na leda daban. Shekara biyu suna wannan aiki su biyu. Ba ta taɓa ƙosawa ba, shi ma bai taɓa daina tsokanarta ba.

3. A watan Oktoba na 2017, cikinta ya tsufa, ta ce masa in ta shiga wankan jego za ta daɗe ba ta zo ba. Sai ta samu takarda ta ja layi, gida uku a kwance na zafi da damina da sanyi, gida uku a tsaye na ruwan nan iri uku, gida tara ke nan. A kowane gida ta rubuta sau nawa zai danna maɓallin ƙara zafi. Ta rubuta da lambobin Larabci domin su yake karantawa, ta sa Bisimilla a sama kamar yadda kowane Musulmi ke fara rubutu. Ta ninke, ta naɗe da leda saboda tururi, ta manne a ƙarƙashin tankin ruwan injin. Saitin sanyi kuwa ta yi masa da hannunta kafin ta tafi. Ranar Alhamis, 9 ga Nuwamba, 2017, Allah ya karɓi abinsa, ita da abin da ke cikinta.

4. Alaramma bai buɗe takardar nan ba. Sau ɗaya ya gan ta, ranar da ta nuna masa. Bai kuma faɗa wa kowa tana nan ba, har ni. Daga baya ne ya gaya mini yana jiran shigowar zafi ne, ranar da zai buƙace ta, domin ita ce magana ɗaya da Afra'u ta bar masa wadda bai riga ya ji ba.

5. Ranar Litinin, 5 ga Maris, 2018, injin ya fara yoyo ta ƙasa. Ni na ɗauka na kai wa Habu, Alaramma yana wajen ta'aziyya a Saji, wai don in faranta masa. Wannan kuskurena ne, kuma ban ɓoye ba. Amma na ce wa Habu a gaban mutum biyu ya canza robar da ke yoyo kawai, kada ya taɓa komai. Ya amsa da to.

6. Ranar Alhamis, 8 ga Maris, na karɓo injin. Alaramma ya ɗaga tankin, ya shafa ƙasansa, ya sake shafawa, ya tambaye ni ina takardar. Ban san wace takarda ba. Na koma shagon a ranar, Habu ya gaya mini da bakinsa, yana murmushi kamar mai jiran tukuici, cewa ya tsinci laya a cikin injin, hatimi mai gida tara, ya ƙone ta don Allah. Ya ƙara da cewa ya mayar da injin kan saitin kamfani, don ya wanke shi gaba ɗaya. Ke nan har saitin sanyin da ta yi da hannunta ya tafi. Allah ya gafarta Malam, injin malami ne, malamin da rabin garin nan suka yi karatu a gabansa. Da Habu ya aiko an tambaya, da wa ya fi Alaramma sanin hatimi in ya gan shi? Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin tambaya ya fi shi muni.

7. Da a nan ya tsaya, da mun haɗiye mun bar wa Allah. To kafin ya ƙone ta sai da ya fito da ita majalisar ƙofar shagonsa, aka yi ta miƙa wa juna, wani ya ɗauki hotonta a waya. Ba a kwana uku ba magana ta zaga Rano, ta haura Kibiya: wai Afra'u ta yi wa mahaifinta asiri, tana shayar da shi a gahawa, don ta mallake shi ya fifita ta a kan sauran 'ya'yansa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yarinyar da ko wata biyar ba ta yi a kabari ba.

8. Tunda da sunana ake kafa hujja, wai ni aka zalunta, bari in ba da shaida a rubuce. Gaskiya ne Alaramma ya fi sakewa da Afra'u. Gaskiya ne abin ya sha yi mini ciwo, har na taɓa yi mata gori a kai, Allah ya yafe mini. Amma ni gidana yana bayan nasa, taku ashirin, ita kuwa daga Kibiya take tasowa cikin sanyi da tsohon ciki don kofi ɗaya ya yi wa tsoho daɗi. Iyakar asirin ke nan, kuma ni ma an ba ni dama ban yi ba.

9. Marigayiya ta bar 'ya ɗaya, Ramlat, mai shekara bakwai, tana hannun kakarta ta wajen uba a Kibiya. Ranar Juma'a, 16 ga Maris, aka kawo mana ita tana kuka, ta ƙi zuwa Islamiyya kwana huɗu saboda yara suna kiranta 'yar mai laya. Ta tambayi kakanta ko da gaske ne mamanta tana wuta. Alaramma ya jawo ta jikinsa, hawaye suka zubo masa. Kafin ranar ni ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'izar.

10. Mun bi hanyar da ta dace. Mai unguwa ya kira Habu ranar Lahadi, 18 ga Maris. Ya zo, ya ce shi abin da ya gani ya faɗa, kuma in an sake kawo masa zai sake ƙonawa. Ba mu ce mugun mutum ba ne, mun san iyayensa. Amma magana zarar bunu ce, kuma wanda ya zara shi ya kamata ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi kuskure.

11. Shaidunmu su ne Malama Ummukulsum Hussaini, abokiyar aikin marigayiya, wadda a kan teburinta aka ja layin takardar. Da mutum biyun da suka ji umarnin da na ba Habu. Da injin kansa, wanda muke shirye mu kawo a gwada a gaban kwamiti, a danna maɓallin, a ga abin da lambobin ke yi.

Saboda haka muna roƙon wannan ofishi mai albarka ya kira Habu ya saurari shaidu. In gaskiya ta bayyana, a sa shi ya janye maganarsa a majalisar da ya fara ta, a kuma roƙi limaman unguwarmu da na unguwar mijinta a Kibiya su sanar bayan salla cewa lissafin zafin ruwa ne, ba laya ba. Muna kuma roƙon a ja kunnen masu gyara cewa abin da aka kawo musu amana ne, har da abin da suka tsinta a ciki. Ba ma neman a tsare kowa, ba ma neman diyya.

Saura hoton. Ni da na so in roƙi a sa kowa ya goge shi. Mun tambaya a Rano, mun tambaya a Kibiya, kowa ya gani, amma da an ga ɗan gidanmu sai a ce ba a da shi. Ga shi zafi ya shigo. Kullum da safe Alaramma yakan danna maɓallin yadda ya ga dama, gahawar ta fito da ɗaci, ya shanye haka nan. Jiya na same shi ya ja gida tara a kan allo, duk babu komai a ciki, yana kallo. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka sau huɗu. Da na karanta masa wannan takarda, bai gyara komai ba sai wannan sakin layin, ya ce in rubuta yadda ya faɗa:

"Izu sittin na riƙe, gida tara na 'yata ban riƙe ba. Ku gaya wa Malam, kafin a goge, a turo mini ɗaya."

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya ba shi ikon tsayar da gaskiya, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Muna jiran kira cikin ladabi.

Wassalam.

Taku mai biyayya,
Lubabatu Dalhatu,
a madadin Alaramma Dalhatu na Madachi, wanda ya sa hannu da ajami a ƙasa.