Zomo ya daina gudu

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan ƙalau, Inna ma ta warware har ta koma faɗa da kowa.

Yaya, maganar tagwayena ce ta hana ni sakat. Ka san Zomo, shekara da shekaru yana fita gudu da sassafe, ya dawo sharkaf da gumi ya tarar ɗan'uwansa Sarkin Barci ko juyi bai yi ba. To, kwanaki masu bincike daga jami'a suka zo neman tagwaye masu kama ɗaya, suka gwada su a fili, suka auna numfashinsu da bugun zuciya. A gajeren gudu, wallahi da ƙyar Zomo ya tsere masa. Malalacin nan kuwa ya hau dariya, wai ashe daga kwance ma ana samun abin da wasu ke nema da gumi.

Tun ranar Zomo ya daina fita. Ya ce tunda abin a jini yake, wahalar banza ya sha. Na ce masa zomo ba ya kamuwa daga zaune, ya ce ai ga ɗan'uwansa nan ya kama. Babansu kuma, maimakon ya lallashe shi, sai cewa yake daga gidansu aka gado ƙafar, mutumin da ko ruwa ake tsugawa ba ya ɗaga ƙafa!

Abin da ke ƙona min rai, shugabar masu binciken a gabana ta yi bayani. Ta ce gado ya ba su jiki iri ɗaya, amma a dogon gudu Sarkin Barci ya zube yana haki, Zomo ko a jikinsa, kuma horo ne ya kawo wannan tazarar. Yaron nan rabin maganar kawai ya ji. Mai horar da shi ya zo har gida, Zomo ya ƙi fitowa daga ɗaki, ga gasar zaɓen 'yan wasa ta matso.

Jiya Sarkin Barci ya kai kansa wurin mai horarwar, aka karɓe shi hannu biyu. Yanzu ko gaisawa ba sa yi, yaran da suka kwanta ciki ɗaya. Kai ka fara kai Zomo fili, maganarka yake ji. Don Allah ka kira shi, ni dai bakina ya gaji.

Ka gaida Anti da Auta da Gwaggo. Inna tana gaishe ka.

Taka ƙanwa,
Maman 'Yan Biyu