Wuƙa Mai Tsaga Biyu

Anka, Maris 2018

Zuwa ga Lubabatu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Mardiyya, da Gwaggo Atine wadda ke ɗawainiyar wankanki a can Gummi. Allah ya saka mata da alheri. Kin ce kada in rufa miki komai game da mahaifinki. Maganar ba ta waya ba ce, shi ya sa na rubuto, kuma abin da idona ya gani kaɗai zan faɗa.

Ranar kasuwar Bukkuyum, da hantsi, ina zaune a rumfar Baba a layin maƙera. Yana wasa lauje da hannunsa na hagu kamar kullum. 'Yan sa-kai suka iso, shugabansu wani Kamilu, ya ajiye wuƙa a kan tabarma. Ya ce an tsince ta bayan harin da aka kai Adabka, kusa da gawar wani manomi, kuma shaidar gidanku, gidan Jatau Maƙeri, ce a jikinta. Ya tambayi Baba ko ya san ta. Baba ya ɗauka, ya juya ta, ya shafi ruwanta da babban yatsa, ya ce, “Wuƙag ga tamu ta.” Suka sa shi a babur tsakanin mutum biyu. Ba su taɓa lafiyarsa a gabana ba. Hularsa ta faɗi, na ɗauke ta, tana wurina.

Kafin su tashi na roƙi a ba ni wuƙar in duba, aka ba ni. Kin san tarihin maƙeran Zamfara na karanta a jami'a, kuma shi ya fara kai ni ƙofar gidanku. Ruwanta ƙarfen tama ne, wanda aka narka a ƙasar nan. Jijiyoyinsa suna nan kwance kamar na itace, alhali ƙarfen sifirin mota da ake ƙira da shi yau sumul yake. An bar narka tama tun Baba bai isa riƙe zugazugi ba. Sannan a gidanku kowane maƙeri yakan ƙara tsaga ɗaya a kan shaidar mahaifinsa. Ta Baba huɗu ce. Wannan biyu gare ta, wato aikin kakansa Isa ne. Daga tsini har ƙota babu inda hannun Baba ya taɓa.

Zan je in yi musu wannan bayani. Ki ci abinci, ki kuma yi addu'a. Ki gaishe da Gwaggo.

Mijinki,
Sa'idu

Anka, Afrilu 2018

Zuwa ga Lubabatu,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan zazzaɓin da kika ce Mardiyya ta yi ya sauka. Ni lafiyata lau, sai dai abin da kika sani.

Na je. Suna tsare da Baba a wani zaure a bayan gari, an kuma yarda in yi magana a gaban dattawa. Na ajiye wuƙar kusa da wata mai tsaga huɗu da Inna Hure ta ba ni daga gidanku, na nuna musu bambancin ƙarfe da na shaida, da yadda wasa na shekara da shekaru ya cinye ruwanta har ya koma siriri. Sun saurara. Ina so ki sani Kamilu ba mahaukaci ba ne. Manomin da aka kashe wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yarda wuƙar tsohuwa ce. Sai ya tambaye ni wa aka ƙera wa ita.

Amsar a jikin wuƙar take, kuma duk dattijon da ke wurin ya san ta. Ƙotar ƙaho mai ɗaurin jan ƙarfe ba ta kasuwa ba ce. Isa ya ƙera irinta ne don mutanen rugar da ke gabas da garinku, bisa amana: su kawo ƙaho da fatar zugazugi da man shanu, shi ya ba ɗan da aka haifa musu wuƙa. Na faɗi haka. Kamilu ya ce ashe tun kakanni gidan ke ƙera musu. Daga nan ban sake samun kunnen kowa ba.

Wani dattijo mai tausayi ya kawo mafita. Ya ce Baba ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa bai taɓa ganin wuƙar ba kafin ranar kasuwa, a sallame shi. Baba ya ce ba ya rantsuwa.

An bar ni da shi kaɗan. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba tun da na zama surukinsa, ranar na roƙe shi har na riƙe ƙafarsa. Ya janye ta a hankali. Ya ce a gidansu ba a musun wuƙa. Duk wanda ya kawo wuƙar gidan gyara, ko ta wane kaka ce, ba a tambayarsa suna, ba a karɓar ladarsa, domin alkawarin wanda ya ƙera ta ne ake cikawa. Ya ce, “In na rantse, na yi wa Allah ƙarya, na yi wa Isa. Wanne zan ɗauka in tafi da shi?” Sannan ya tambaye ni ko jaririya ta fara murmushi, da wa take kama. Na ce da ke. Ya ce to, an yi asarar kyawun ubanta, ya yi dariya shi kaɗai.

Wani dillalin kayan tarihi ya taɓa gaya mini cewa wuƙa irin wannan a cikin gilashi ake ajiye ta a wasu ƙasashe, a rubuta sunan maƙerinta a ƙasa. Na tuna maganarsa a kan hanyar komowa, ban san dalili ba.

Ki yi haƙuri. Ina gaishe da kowa.

Mijinki,
Sa'idu

Anka, Mayu 2018

Zuwa ga Lubabatu,

Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Mardiyya da Gwaggo. Na ji kin gama wanka, Allah ya raya mana.

Baba ba ya zauren nan kuma. Na tarar da ƙofar a buɗe, an share ciki. Masu gadin sun ce an wuce da shi gaba, gaban kuwa babu mai faɗin ko ina ne. Na bi duk inda ake tsare mutum a Bukkuyum da nan Anka, na tambaya da ladabi, an amsa mini da ladabi cewa babu mai wannan suna. Kamilu ya ce maganar ta fita daga hannunsa, kuma bai dube ni ba da yake faɗa. Ba ni da wata shaida cewa Baba ya rasu. Ba ni da wata shaida cewa yana raye. Ba zan rubuta miki abin da ya wuce haka ba.

Na kwana biyu a garinku. Inna ta rufe maƙera, ta kife ƙwarya a kan uwar maƙera don kada kaji su hau. Ba ta kuka a gaban mutane. Abin da na gani a bakin rijiya shi ne ya fi tsaya mini: mata suna goga wuƙaƙen girkinsu a kan dutse, ba wajen kaifi ba, wajen shaida. Kowacce na kankare tsagar gidanku don kada a same ta a ɗakinta. Ban ga laifinsu ba. Kafin damina ta faɗi ba za a iya gane aikin Isa ko na Baba a yankin nan ba, ko da mai dubawa ya fi ni sani.

Kin ce za ki taho. Ina roƙonki ki zauna a Gummi. Inna ma haka ta ce. Na kai mata hular, ta ce in riƙe wa Mardiyya.

Ki gaishe da Gwaggo, ki shafa mini kan yarinya. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Sa'idu

Akwai gyara ɗaya. A wasiƙata ta farko na ce daga tsini har ƙota babu inda hannun Baba ya taɓa wuƙar. Ruwan na Isa ne, ƙahon ma nasa ne. Amma ɗaurin jan ƙarfen da ke wuyan ƙotar sabo ne, bai ko dushe ba, kuma ta hagu aka murɗa shi. Ke kaɗai na gaya wa.