Minti na Shida

Zuwa ga jikata, 'Yar Gaggawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da aiki, da abokan aiki, da maƙwabciyar nan taki mai yawan tari. Mu nan sai godiya. Gwaggonki tana gaishe ki. Famfon tsakar gida har yanzu yana ɗiga, mai gyara ya ce gobe, yau wata biyu ke nan.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. To, wayar da kika saya min na kashe ta na jefa a durowa, kuma ke kika jawo.

Ranar Litinin na zauna na yi miki saƙon murya, minti bakwai cif. Kafin in gama gyara zama sai ga amsarki, hoton babban yatsa. Na ce wa Gwaggonki, "Ikon Allah, yarinyar nan ta ji maganar minti bakwai a cikin minti biyu?" Ta yi dariya, ta danna wani wuri a wayar, ta ce, "Baba, ai haka yaran yanzu ke ji." Sai ga muryata tana zabga gudu kamar an biyo ni da sanda. Ni da na shekara talatin da biyar ina rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, ba wanda ya taɓa ce min in yi sauri!

Gwaggonki ta ƙara da cewa ko da wannan gudun, bakwai ba ya shiga cikin biyu. Ke nan ba ki ma kai ƙarshe ba.

Ba fushi nake ba. To, ƙarya nake, ina ɗan yi. Akwai maganar da na faɗa can wajen ƙarshe wadda ba a amsa ta da yatsa. Ba zan maimaita a nan ba, ki koma ki ji da kunnenki.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaisuwa da girmamawa, ina gaida Gwaggo.

Na koma na ji. Minti na shida. Likita ya ga ƙari a maƙogwaronka, za a yi maka tiyata ƙarshen wata, kuma wataƙila muryar ta tafi gaba ɗaya. Wannan maganar na aika wa yatsa. Na shige banɗakin ofis na yi ta kuka har mai shara ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Ka yafe min. Amma Kaka, haba! Minti biyar kana kan famfo, da kyanwar maƙwabta da ta haihu a bayan gawayi, da mai gyaran takalmi da ya koma wani layi. Mutum yana da magana irin wannan sai ya ɓoye ta a bayan kyanwa?

Ka san aikina amma ba ka taɓa ganinsa ba. Mu arba'in ne a ɗaki ɗaya, kowa da abin ji a kunne, muna amsa kiran mutanen da layinsu ya sami matsala. A gefen kwamfutar akwai ɗan agogo. Kira ya wuce minti uku sai ya koma ja, shugabarmu ta ɗago kai. Har darasi aka yi mana kan yadda ake katse gaisuwar mutum ba tare da ya ji haushi ba, kuma ni ce na fi kowa iyawa. Wayoyinmu a akwati ake kulle su. Saƙonka a hutun minti goma na ji shi, ina cin abinci a tsaye. Ba uzuri nake kawowa ba, so nake ka san inda aka lalata maka jika.

Na nemi hutu, an ba ni daga ashirin da biyar ga wata, kwana uku kafin aikin. Zan zo in zauna a gabanka ka yi ta magana, ko labarin famfon ne, in ji shi daga bakinka tun muryar tana nan. Abin da nake so ke nan, ba na son komai bayansa.

Don Allah ka kunna wayar.

Jikarka mai laifi

*

'Yar Gaggawa,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, mun gode. Rubutunki ya lalace, amma na karanta sau uku. Kyanwar 'ya'ya huɗu ta haifa, tunda ba ki tambaya ba.

Na yafe tun kafin ki roƙa. Zancen ɓoye magana kuwa, bari in gaya miki abin da maigidana ya koya min ranar da ya fara ba ni tebur da biro. Yawancin waɗanda muke rubuta wa ba su iya karatu ba. Mace za ta karɓi ambulan, ta fita neman mai karanta mata, a tsaye a bakin hanya, da tulu ko da goyo. Idan ka sa mugun labari a layin farko, a tsaye zai same ta. Shi ya sa ake fara gaisuwa, a ce yara lafiya, a ce rufin ɗaki ya daina yoyo. Kafin a gama ta sauke kayanta, ta sami wuri ta zauna, ta kuma ji cewa duniya ba ta rushe duka ba. Sannan a faɗa. Famfon nan da kyanwar nan kujera ce nake miƙo miki, ke kuma kika ƙi zama.

Ban san ana cin abinci a tsaye a wajenku ba. Wannan ya fi yatsan ɓata min rai.

Waya kam ta ƙara hutawa. Muryar ta dishe, likita ya ce in riƙa tattalinta. Na rage magana ƙwarai, Gwaggonki har tana cewa gidan ya yi daɗi. Tara miki ita nake yi zuwa ashirin da biyar ga wata.

Ki huta lafiya, ki kuma riƙa zama in za ki ci abinci.

Kakanki

*

Kakana,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya jiki, ya ƙarfin hali? Ina fatan gadon asibitin bai yi maka gajarta ba. Ina gaida Gwaggo da ɗawainiya. Ta ce an fito da kai lafiya, ba ka magana tukuna, takarda kawai kake nuna a ba ka. Shi ya sa na rubuto. Hutuna ya ƙi matsowa, sai Asabar zan iso.

Bari in ba ka rabin labarin da ba ka gani ba.

Ranar Talata da rana, lokacin da likita ya ce ƙarin ya fara tare maka numfashi, aikin ba zai jira ƙarshen wata ba, sai gobe da safe, wayata tana kulle a akwati. Ni ban san komai ba. Sai na ga ɗakinmu ya fara motsi. Wanda ke kusa da ni ya rufe bakin abin maganarsa ya ce, "Wani tsoho ke ta kiran lambar kamfani. Layinsa lafiya lau, wai jikarsa yake nema." Sau goma sha ɗaya ka kira, Kaka, kowane kira na faɗawa kan wani daban. Kowa ka gaishe shi, ka tambayi iyayensa. Ka faɗi sunana, mu uku ne masu sunan, sai ka ce, "Mai wushirya, mai saurin magana." Nan ɗakin gaba ɗaya ya juyo ya kalle ni.

An hana mu karɓar kiran gida. Wata baiwar Allah a layin baya ta turo min kiranka duk da haka.

Da na ji muryarka a dishe ka ce, "'Yar Gaggawa, kin wuni lafiya?" na san akwai magana. Bakina har ya buɗe zai ce mene ne, sai na cije shi. Na ce lafiya lau, ya gida? Agogo ya koma ja muna kan Gwaggo. Shugabarmu ta zo ta tsaya a kaina muna kan mai gyaran takalmi. Hawaye na zuba, ina cewa madalla. Sanda ka faɗi zancen gobe da safe, a zaune nake, na shirya. Minti goma sha tara muka yi.

Duk kiranmu naɗa ake yi. Shugabar ta saurari namu tun daga farko har ƙarshe, ta fito idonta jawur, ta miƙo min takardar gargaɗi. Na sa hannu da farin ciki.

Me likita ya ce game da muryar? Ka faɗa min yadda ka ga dama, zan jira.

Taka har kullum,
Jikarka

*

Jikata,

Ina gaisuwa. Hannu ba ƙarfi, ki yi haƙuri da gajeriyar takarda.

Likita ya zo da safe. Ƙarin ya fita duka, mun gode Allah. Muryar ta bi shi, ba za ta dawo ba. Kada ki yi kuka a banɗakin mutane. Na lissafa, hirar da na yi ta ƙarshe a duniya da ke na yi ta, kuma ba ki katse ni ba ko sau ɗaya. Na gode.

Ki zo Asabar ɗin. Gwaggonki ba ta gane rubutuna, na nemi shayi ta kawo min bargo. Ki taho da biro biyu da littafi mai kauri, don maganata ba ta ƙare ba.

Kakanki